Kabarin Baƙi a Turbar Zermu

Duk wanda ya taɓa bin turbar da ta tashi daga ƙauyenmu ta nufi Zermu ya san tsibin duwatsun nan biyu. In ka wuce gonakin gero ka gangara faƙo, za ka gan su, ɗaya gabas da hanya, ɗaya yamma. A nan aka gwabza a zamanin yaƙe-yaƙen Damagaram, a nan kuma aka binne waɗanda suka faɗi. Na gabas namu ne, na yamma na maharan da suka zo daga kudu. Mai wucewa yakan yi wa na gabas sallama, ya karanta Ƙulhuwa, ya ɗora dutse. Na yamma kuwa ko kallo bai ishi kowa ba. 'Yan gidanmu kaɗai ke tsallaka hanya su ɗora a can, har yara a lakwal, wato makarantar boko, suna kirana ɗan uwan mahara. Abin ya ci mini rai, na kai ƙara wurin kakata.

Kaka Gaji ita ta haifi babana. Lokacin ɗari, da an idar da lisha, sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta aza kaskon gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Ranar da na kawo ƙarar, ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ji mini maigidan nan nawa! Ba cefane, sai kawo ƙara. Zauna, raggo."

Sauran yara har sun gyara zama suna jiran tatsuniya. Ta ɗaga ludayi ta ce, "Ku ajiye ta-zo-mu-jin nan taku. Na yau a kan idon mutane aka yi shi."

Ta ce kakarta, Ya Aisa, ta sha binne jarirai. Kowane yaro in wanzami ya yi masa tsagar garinmu a fuska, sai zazzaɓi ya kama shi, ya koma. Da ta haifi Manzo ta rantse aska ba za ta taɓa shi ba. Dangi suka yi faɗan har suka gaji. Manzo ya rayu, ya girma da fuska sumul, shi kaɗai a cikin samarin gari. Ranar da aka buga gangar yaƙi ya rataya kwari da baka, ya bi 'yan uwansa zuwa faƙo. Mata da yara aka kora su cikin duwatsu suka ɓuya.

Kafin hankali ya kwanta a koma filin, rana ta riga ta sauya gawarwaki, masu kwasar ganima kuma sun tuɓe musu riguna da layu. Dattawa suka rasa yadda za su gane nasu, sai suka ce a duba fuska. Mai tsagarmu a kai shi ramin gabas, wanda ba shi da ita a jefa shi na yamma. Suka yi wa na gabas salla, suka danne shi da duwatsu saboda kura. Na yamma ƙasa kawai aka tura masa.

"Da Ya Aisa ta iso," in ji Kaka, "ta tambaye su, da me kuka rarrabe? Suka ce da tsaga. Ta ce, Manzo fa?"

Kaka ta bar gyaɗa tana ƙonewa a kasko ba ta motsa ta ba.  Ta ce a cikin dattawan nan babu wanda ya iya cewa ya ga yaron, babu wanda ya iya cewa bai gan shi ba.

Da gari ya waye aka tarar kura ta fara tonon ramin yamma. Ya Aisa ta ɗaura zani ta shiga jidar duwatsu a ka tana danne ramin, ita kaɗai. Matan da aka kashe wa maza suka zage ta, har da masu jifa. Ta ci gaba da jidarta, har wata ta tare ta ta ce, in ɗan naki ba ya ciki fa? Ya Aisa ta ce, "To akwai ɗan wata a ciki, ita kuwa ba ta san hanyar nan ba."

Na tambayi Kaka, "To Manzo yana wanne?"

Ta ce, "Har ta mutu ba ta sani ba. Tashi ka kwanta."

Wallahi a lokacin haushi na ji. Ni dawaki nake so da masu, an ba ni labarin tsohuwa da duwatsu.

Yanzu furfura ta cika mini gemu. Hukuma ta gina ɗan ginshiƙin siminti a jikin tsibin gabas, an shafe shi da farar ƙasa. Na yamma ko oho! 'Yan kabu-kabu suna wucewa a guje, ba sallama ba komai. Ni kuwa ɗana Laminu ya hau kamiyo, babbar motar kaya, daga Agadas ya nufi arewa neman abin rufin asiri. Ya kira mu sau ɗaya kafin su shiga hamada. Tun daga nan shiru, damina tana zuwa tana wucewa. Wani direba ya ce mini in sun tsinci mutum a rairayi sukan rufe shi, su aza dutse, su wuce, ba tare da sun san ko ɗan wane ne ba. Ranar na gane abin da Ya Aisa take ɗauka a ka. Wanda bai san kabarin ɗansa ba, ba shi da abin dogara sai Allah da tausayin baƙo, kuma wannan abu yana da ciwo.

Ran kasuwar Zermu da ta wuce muka bi turbar da ƙafa, ni da uwar Laminu. Da muka iso faƙo ta tsallaka yamma, ta durƙusa ta daɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, can inda yake, kana jin akwai mai tsayawa?"

Na ce, "Ban sani ba, Hassana."

Ta ce, "To miƙo mini wani dutsen."