Muryar Itacen Inna

A shekarar da fari ya ƙone mana gero, yayana ya dawo hutu daga makarantar kimiyya, ba wata tsaraba sai labari. Ya ce Girkawan zamanin da can suna kiran itace "zailon", kuma daga nan aka samo sunan zailofon, abin kiɗan da ake yi da guntayen katako. Ma'anarsa muryar itace.

Jin cewa itace yana da murya ya hana ni zama. Na ruga madafa na kwaso ɗan itacen da Inna ta sha wuya kafin ta samo, muka jera a kan kara biyu muna bugawa. Marke ya ba da sauti siriri, gawo ya amsa da kauri. Kafin la'asar yara sun cika tsakar gida, mun manta da yunwa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da za ta ɗora tukunya, sai ta riƙa zare itacen ɗai-ɗai, muna kiɗa da abin da ya saura. Da ta zo kan marken, ta ƙwanƙwasa shi da muciya, ta saurara, sannan ta tura shi a murhu.