Danjar Babur ɗin Baba da Tsohuwar Randa

A gidanmu na Fassi komai da lokacinsa. A yi sallar isha'i, a ci tuwo, a wanke kwanuka, sannan a taru a gindin murhun Iya. Wanda bai wanke hannu ba, ba ya zama. Iya ita ta haifi mahaifinmu, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa sannu da gajiya. In ambatonsa ya kama dole, sai ta ce "mai babur ɗin nan".

Babur ɗin irin na malaman gona ne, dogo, mai shiga yashi da kwazazzabo. Baba ya saye shi na hannu a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Da shi yake kai buhunan gyaɗa kasuwar Rano, ya dawo bayan magariba. Hanyar ƙauye ba ta damunsa. Titin kwalta ne abin tsoro, inda manyan motoci ke tahowa ta baya a guje, ba abin da ke nuna musu akwai mutum a gaba sai danja, 'yar jar fitilar nan ta baya.

Ita ce kuwa ta ƙi zama lafiya. Ya sa sabon ƙwai, kwana biyu ya ƙone. Da farko ya ce jabu aka sayar masa, ya canza shago. Na biyu ya ce jijjigar hanya ce, ya naɗe gindin fitilar da roba. Na uku ya ce ruwa ke shiga, ya rufe ta da leda. Duk a banza. Wata ranar kasuwa ya shigo yana ɗingishi, wando a yage, gwiwa a goge. Wata babbar mota ce ba ta gan shi ba sai da ta zo dab, ya faɗa cikin kwalbati ya tsira. Iya ta dubi gwiwar sau ɗaya, ta kau da kai. Tuwonta na ranar mu muka cinye shi da safe.

Da muka taru, Baba na tsakar gida da tocila a baki yana kwance fitilar. Iya ta juya kujerarta ta ba shi baya, ta gyara itace, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan ta iso, wa zai ba ta wurin zama?"

Muka ce, "Ta zauna kusa da mu."

Ta ce an yi wani mutum mai bishiyar lemo 'yar ƙarama a jikin bangon ɗakinsa. Kusa da ita akwai wata tsohuwar randa mai fasasshen baki, a ƙarƙashin indararo. Wata rana ya ce randar nan ba ta tsinana komai sai cin wuri, ya mirgina ta bayan gida. Da aka yi ruwa, ya wayi gari lemon ya kwanta. Ya ce irin ne marar kyau, ya dasa wani. Shi ma ya kwanta. Ya ce akuya ce, ya sayar da akuyar. Ya ce ƙasar ce, ya ɗebo taki. Har ya yi fushi da maƙwabcinsa, wai shi ke yi masa baki.

"Ya tuhumi iri, ya tuhumi akuya, ya tuhumi ƙasa," in ji Iya. "Abu ɗaya bai tambayi kansa ba: me na ɗauke daga nan kafin a fara? Ruwan da randa ke shanyewa shi ke sauka a kan ɗan dashe. Ta ƙare, ku tashi."

Ƙanena Sabi'u ya tura baki. "Iya, wannan ai ba abin dariya a ciki."

"Ba don haƙoranka na yi ta ba, mai gidan. Kuma ba ku kaɗai ke da kunne a gidan nan ba."

Tocilar Baba ta daina motsi. Can ya cire ta daga baki ya ce, kamar mai magana da babur ɗin, "Batir."

Ashe tun farkon damina batirin ya mutu, ya cire shi ya ajiye, tunda babur na tashi da ƙafa. Washegari bakanike a Kibiya ya yi masa bayani: in inji ya ɗau wuta a kan titi, batir ne ke shanye rarar wutar. In babu shi, sai ta afka wa ƙwan da ya fi ƙanƙanta. Aka sa sabon batir, aka goge wayar da ta yi tsatsa. Ƙwan da aka ɗaura ranar sai da ya ga damina biyu.

Mahaifiyarmu ta tambayi Iya yadda ta gane. Ta ce, "Ni me na sani a babur? Na ga dai an tokare ƙofar akurki da wani baƙin akwati, daga nan kuma aka shiga sayen ƙwai."

Na daɗe ina ɗaukar darasin a kan gyara ne kawai: kafin ka sake abin da ya lalace, bi baya ka ga abin da ya canza. Har yau haka nake tafiyar da gidana. Sauran sai bayan rasuwar Iya na gane. Da, in Baba ya dawo kasuwa rai a ɓace, ƙofar ɗakinta yake fara zama. Ita ɓarar gyaɗarta kawai take yi, shi kuma ya tashi a huce. Da ta tafi, sai ya riƙa tsayawa a tsakar gida yana dube-dube, faɗan kuma ya sauka a kan autarmu, wadda ba ta san me ta yi ba.

Ni ce babba. Ran nan da na ji ƙarar babur ɗinsa, na ɗauko kwaryar gyaɗa na zauna a ƙofar ɗakin Iya, na ba hanya baya. Ya tsaya jim, sannan na ji ya jawo tabarma.