Bayan Ɗakin Inna

A shekarar da gubar dalma ta shigo mana Yargalma, ni malamin firamare ne mai ɗiya ɗaya da baki da yawa. Duk taron da likitoci suka kira a ƙofar gidan mai gari, ina sahun gaba. Doka suke so a kafa: a daina niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, a fitar da injinan niƙan zuwa bayan gari, sannan a kankare ƙasar kowane gida a zuba sabuwa. Wata likita, doguwa mai saurin dariya, ta ce ba mu kaɗai ba ne, don 'yan uwanta likitoci na wasu ƙasashe suna can suna fama da gwamnatocinsu kan dalmar da ke cikin man ƙananan jiragen sama.

Wani dattijo ya ce, "To su tasu daga sama taka zowa. Mu ko da hannunmu munka ɗauko tamu munka kawo ɗaka." Aka kwashe da dariya, aka kuma amince da dokar.

Na koma gida ina jin kaina, ashe babbar 'yar adawa tana gidanmu tana tankaɗen gari. Mahaifiyata ce.

An auna jinin ɗiyata, wadda lokacin take rarrafe, an ga dalma ta yi yawa. Likitocin kuwa ba sa fara ba yaro magani sai an gyara gidansu, don kada ya warke ya koma cikin ƙurar da ta kayar da shi. Ranar da masu kankara suka zo, Inna ta bar musu tsakar gida da madafa da turken awaki, har fura ta dama musu. Da suka nufi bayan ɗakinta, sai ta tare hanya da muciya a hannu.

"Babu wanda ka taka min wurin ga," in ji ta. "Nan cibiyoyin ɗiyana suke."

A wajenmu in an haihu, a bayan ɗakin uwa ake binne cibiya. Na yi mata bayanin duk da na kwaso a taro, har da zana jijiyar jini a ƙasa da tsinke. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, in ka ƙare karatu, kauce, ka taka ƙanwarka." Masu kankara suka juya baya suna ƙunshe dariya. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, don kwana biyu ke nan yarinyar ba ta cin abincin kirki.

Washegari likitar ta zo da kanta. Ta cire takalmi, ta gaida Inna a durƙushe, ta ce, "Inna, nuna mini ta wa da ta wa."

Nan fa Inna ta saki jiki. Ta nuna tawa a gindin katanga, ta ce tun ina cikin tsumma ba na rufe baki. Ta nuna ta ƙanwata da ke aure a Gummi. Sai ta nuna wurare uku a jere, muryarta ta yi ƙasa. Yayyena ne da suka rasu tun ba su fara tafiya ba, tun kafin a san da zinare a ƙasarmu. Mata ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka ba ta taɓa ganin inda aka kwantar da su ba. Nan ne kawai ta san suke.

Sai ga ɗiyata ta rarrafo, ta damƙi ƙasa za ta kai baki, likitar ta riƙe hannun ta goge da gefen mayafinta. Inna ta daɗe tana kallon ɗan hannun.

"Ku ba ni hwartanya," ta ce. "Ni ka yin shi da kaina."

Aka sa mata safar hannu da ƙyallen rufe hanci, ta ce an mai da ita ɗan fashi. Sannan ta duƙa ta fara kankarewa a hankali, mu muna kwashewa a buhu. Da ta iso wuraren nan uku na matso don in karɓe ta, sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ku yi hanƙuri, ɗiyana. Ku kam na kasa riƙe ku. Wagga ku bar ni in riƙe ta."