Gogen Bahago

Mai Ƙanƙara ake ce masa, saboda shekara arba'in ba ya aikin komai sai duba tsofaffin bindigogi, irin waɗanda kunamarsu ke cizon dutsen ƙanƙara ta kyasta wuta. A rumfarsa akwai benci, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da gwangwanin kusoshi. Ka kawo masa ƙarfen kunama, ya kwance, ya juya bayansa, sai ya gaya maka ko na ƙetare ne ko ƙirar gida, da kimanin shekarunsa. Zaren kusar da aka yanka da hannu daban, tambarin maƙeri daban, tsatsa ma tana da nata bayani. Wanda duk ya kankare tsatsa kafin ya zo, korarsa yake yi.

Abin da mutane ba su sani ba, ubansa yake nema a jikin ƙarafan nan. Uban maƙeri ne, bahago, don haka layin da magagarinsa ke bari in ya goge ƙarfe hagu yake karkata. Da ya rasu, 'yan'uwa suka kwashe kayan maƙerar suka sayar wa masu gwangwan, ko guduma ba a bari ba. Tir! Ga idon Mai Ƙanƙara yana ta dushewa, likita ya ce saura kaɗan.

Ran nan da hantsi sai ga mijin 'yarsa, wani mai tsafta har da goge tayar mota, riƙe da ƙunshi.

"Baba, albishirinka! A gidan wasu maharba na samo. Sun ce kakansu wurin wani maƙeri bahago ya saya."

Tsohon ya yi maza ya kwance ƙunshin. Sai ga ƙarfe fes, yana ƙyalli kamar sabon cokali.

"Me aka yi masa?"

"Ai ƙazantar ta yi yawa, Baba. Na ji kunyar kawo maka haka. Na kai wa mai injin wasa ƙarfe, na sa aka canja kusoshin ma."

"Tsofaffin fa?"

"Suna kwata."

 Da wani ne, wallahi da ya sha zagi har ƙarshen layi, amma suruki ne, sai tsohon ya haɗiye zagin. Tambari babu, zaren hannu babu, injin banza ya lashe shekara ɗari cikin minti goma.

Saura wuri ɗaya, ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗana kunama, inda mai injin wasa ba ya damuwa ya kai. Tsohon ya ɗaga shi a hankali, ya matso ƙofa wurin haske, ya shafa da babban yatsa. Sumul.

"Har nan ma?"

Surukin ya washe baki. "Har nan, Baba. Sai da na tsaya a kansa."

Tsohon ya kara ƙarfen kusa da idonsa mai ɗan gani, yana neman layi ko ɗaya da ya karkata hagu. Fuskarsa kawai ya gani a ciki.