Addu'a a Ɗakin Batir

Shekara biyar na yi a gidan waya na Bauchi kafin a samu mulkin kai, amma in ka tambaye ni yadda garin yake a lokacin, wani ɗaki marar taga zan fara tunawa. A nan injinan tarho da na tangaraho suke, a nan nake wuni. Ta bayansa akwai wani ƙaramin ɗaki da muke ajiye manyan batura, warinsu yakan bi rigar mutum har gida. Aikina shi ne in goge, in ƙara wa batura ruwa, in bi layin da ya mutu har in gano inda ya tsinke. Idan akawun tangaraho ya tafi cin abinci, ni nake zama a kujerarsa, don kunnena ya iya karanta ƙwanƙwasar injin.

Ni ɗan ƙauye ne daga cikin duwatsun kudu da Bauchi. A makarantar mishan na yi boko, a can aka yi mini baftisma. Babana kuwa har ya bar duniya bai saki addinin kakanninmu ba. Da ya rasu, da yake ni ne babban ɗa, dangi suka ce ni zan yanka kaza a bakin kabari. Na ce ni Kirista ne. Ƙanen babana ya ce to a bar gawar a rana har in tuna ɗan wane ne ni. Uwata tana zaune a ƙasa tana kallona. Na karɓi wuƙar na yanka.

Labarin ya riga ni isowa Bauchi. Dattawan ikilisiya suka zaunar da ni, suka sa mini horo: ba cin Jibin Ubangiji, ba shiga ƙungiyar mawaƙa, ba yin addu'a a gaban jama'a, sai ran da suka ga tuba. Wurin zamana benci na ƙarshe, kusa da ƙofa. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne, duk sa'ad da na tambayi kaina ko da za a maimaita ranar zan ƙi karɓar wuƙar, sai in kasa cewa i. To wace tuba zan kai musu? Har addu'a ni kaɗai a ɗakina na daina, don gani nake bakina bai isa ba. A ƙauye ana ce mini wanda ya bi Turawa, a majami'a ina bakin ƙofa. Sai na riƙe aikin da hannu biyu, ba don ina jin daɗinsa ba, sai don inji ba ya tambaya.

Mutum biyu ne suka fi kusa da ni a wurin. Akwai wani dattijo Musulmi ɗan Ƙofar Wambai, shugaban masu hawa falwaya, muna ce masa Baba. Shi ya san kowane turke daga gari har bayan Inkil. Sai kuma babban makanikenmu, mutumin kudancin ƙasar nan, wanda muke ce wa Oga. Kirista ne, amma majami'arsu daban, ta masu Turanci. Kullum da lakataye ko da zafi zai kashe mutum, Hausarsa kuwa ba ta wuce ta cefane ba. Tsakanina da shi sai "miƙo mini wannan", "riƙe wancan". Ya bar matarsa a gida da tsohon ciki.

Saura mako guda a ɗaga tutar mulkin kai aiki ya yi mana yawa. Baturen da ke shugabancinmu ya tara mu ya ce ba mai hutu, ba mai tafiya, kowane layi ya zauna da rai har a gama biki. Ran Laraba da azahar ina kujerar akawu sai injin ya fara ƙwanƙwasa. Ina rubutawa harafi bayan harafi, kamar kullum, ba na tunanin ma'ana. Sai da na kai ƙarshe na ga sunan Oga ne a sama. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, jaririn ma bai zo da rai ba.

Yana nan bayana, taku huɗu, ya durƙusa yana gyaran wata waya yana fito. Na ninke takardar na riƙe har ta jiƙe da gumi. Da ya juyo zai ce in miƙo masa filaya, sai na miƙa masa takardar.

Ya karanta a tsaye. Ya gyara lakatayensa, ya nufi ofishin Bature. Muna jiyo muryoyinsu ta bango. Baturen bai yi masa tsawa ba, haƙuri ya yi ta ba shi, ya ce babu wanda zai riƙe injinan in ya tafi, ya ƙara da cewa ko yau ya hau mota an riga an yi jana'iza kafin ya isa. Oga ya fito, bai kalli kowa ba, ya shige ɗakin batir ya ja ƙofa.

Har la'asar bai fito ba. Baba ya dawo daga daji da mutanensa, aka gaya masa. Ya tsaya a bakin ƙofar ya yi gaisuwar mutuwa, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Da ya idar da salla a tsakar gida sai ya kira ni gefe.

"Ɗana, warin ɗakin nan ba ya barin mutum lafiya. Mu mun yi irin tamu addu'ar. Kai ne ɗan'uwansa a addini, shiga ka yi masa taku."

Na ce, "Baba, ni an hana ni."

"Wa ya hana ka?"

"Manyanmu. Na yi laifi."

Ban taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba, amma sai na ji ina ba shi labarin kazar tun daga farko. Ya saurara yana karkaɗe ƙurar hularsa. Da na gama ya ce, "Ni ban san hukuncinku ba, ba kuma zan sa baki a ciki ba. Amma duba tsakar gidan nan. Akwai wani ban da kai?"

Babu.

Na tura ƙofar. Oga yana zaune a ƙasa tsakanin layin batura biyu, ya cire takalmi, takardar tana kan gwiwarsa. Ɗakin bai ɗauki mutum biyu sosai ba, dole na durƙusa har gwiwata tana taɓa tasa. Na ce masa da Turanci na zo in yi addu'a, amma ya sani ni ina ƙarƙashin horo. Ya dube ni kamar bai gane yaren ba. Sai ya kama hannuna ya matse.

Na buɗe baki da Turanci, kalmomin suka tsere. Na koma Hausa. Ban yi wata addu'a mai kyau ba. Na ce, Ya Uba, ga bawanka, ba shi da hanyar zuwa gida. Na ce ni ma ban san yadda zan tsaya a gabanka ba, amma ba don ni za ka ji ba, don Yesu ne. Daga nan na kakare, na yi ta maimaita ka taimake shi, ka taimake shi. Can sai na ji ya fara addu'ar da Ubangiji ya koya mana da yarensu. Na gane ta da tafiyarta, na bi shi da Hausa. Kafin mu kai ƙarshe kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, mai wuyar fita. Baba ya sa aka tayar da janareta a waje, ko da yake ba a ɗauke wuta ba, don kada sauran su ji.

Ran bikin, muna ciki ni da Oga. Ta cikin waya muka ji kiɗa da guɗa, sa'ad da masu kira suke ɗaga murya don a ji su. Kullum da tsakar rana a wannan makon yakan ɗaga mini kai, mu shiga ɗakin batir na minti biyar. Bayan mako biyu aka ba shi hutu. Bai dawo ba, sai takardar sauyin wurin aiki muka gani.

Ni da kaina na je na gaya wa dattawan ikilisiya abin da na yi, don kada su ji a bakin wani. Babbansu ya tambaye ni ko yanzu na yi nadamar yanka kazar. Na ce ina roƙon Allah ya ba ni nadamar. Ya ce to in ci gaba da roƙo, suka ce ba za su sake duba maganar horona ba sai bayan wata shida.

Washegari layin Inkil ya mutu, ruwan ƙarshen damina ya kayar da falwaya biyu. Baba ya ce in ɗauko jakar kayan aiki in biyo su.