Maganin da Ya San Hanya

A shekarun da ake ta zaɓe ana rushewa, ma'aikata kullum cikin yajin aiki, sankarar mama ta kama gwaggota, manomiyar albasa da gero a Jiratawa. Ni aka ɗora wa raka ta Yamai, wai don na yi lakwal, wato makarantar boko.

Maganin farko ya wahalar da ita ƙwarai. Gashinta ya zube, ko ƙamshin miya ta ji sai amai, amma ba ta taɓa ƙorafi ba. A wurinta, magani in bai kayar da mutum ba, wasa yake. Da zuciyarta ta fara nuna gajiya, likita ta sauya mata wani, wanda yayana ɗan kasuwa ya sa aka kawo daga waje. An yi mata ƙarin ruwa biyu, gashi ya fara tsirowa, tana cin tuwo har da neman ƙari. Mu muna murna, ita ko ta ɗaure fuska, ta ce an sayar mana da jabu, ba za ta koma ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na zuba mata Faransanci, duk a banza. Tsoro ya kama ni, don na san abin da ke jiranta in ta tsaya.

Da ƙyar ta yarda ta je ta shaida wa likitar da bakinta. Matar nan, siririya mai maganar sanyi, ba ta yi musu da ita ba. Ta tambaye ta yadda take ba gero takin zamani a shekarar da ya yi ƙaranci. Gwaggo ta gyara zama, ta ce wawa ke watsawa, ciyawa ta ci rabi. Ita da yatsu uku take tsunkulowa, ta sa a gindin kowane rami ta rufe. Likita ta ce haka ake nufi da wannan. An ƙunshe maganin cikin ƙwayoyin kitse ƙanana waɗanda ido ba ya gani, suna bin jini a rufe, sun fi taruwa inda ciwon yake, shi ya sa sauran jiki ke ɗan samun sauƙi.

Gwaggo ta dubi tafin hannunta, sannan ta tambayi likita.

"Wanda ya yi wanga abu, manomi ne?"

"Ban sani ba, Inna," in ji likita.

"Manomi ne. Ɗiyata, sa mini ruwan."

Har yau ina jinjina wa likitar nan, da mutanen da ban sani ba da suka zauna suka koya wa magani hanya. Bai warkar da ita ba, likita ma ba ta yi mana wannan alkawari ba. Amma damina uku ta ƙara a kan ƙafafunta, kuma a ta ƙarshe da kanta ta yi wa jikarta ta fari wankan jego.