Jan Ƙyallen Harmke

A garinsu, in ana neman Harmke Veldhuis ba a zuwa gidanta. Sai dai a tsaya bakin hanyar da ta gangara kogin IJssel a jira, don ko ba jima ko ba daɗe za ta wuce a kan kekenta, kwandon gaba cike da robobin da ta tsinto, gashinta fari fat yana tashi a iska. Ko gaisuwa a guje take amsawa. Ta shekara talatin da ɗoriya tana aikin ungozoma, rabin mutanen unguwar a hannunta suka fara sauka kafin su ga fuskar uwarsu. Da ta ajiye aiki sai aka ce to, yanzu kam Harmke za ta huta. Waɗanda suka faɗi haka ba su san ta ba.

Duk kuzarin nan sai ta juye shi a kan kulob ɗin bakin kogi. Kulob ne na mutanen gari, ba na masu hannu da shuni ba: rumfa ɗaya, gadar katako inda ake ɗaure jirage, da ƙananan jiragen ruwa masu ƙyalle da iska ke turawa. Ba mai albashi a cikinsu. Asabar da safe a fita kwasar shara daga kogi, da rana a koya wa sababbin shiga tuƙi, da yamma a sha kofi ana musun wanda ya bar igiya a jiƙe. Harmke ce mai mabuɗi, ita ce mai fenti, ita ce mai ƙugiyar jawo kekunan da mashaya ke jefawa ruwa. Akwai benci a ƙofar rumfar, amma ba wanda zai rantse ya taɓa ganin ta a kai. Kofinta ma a tsaye take sha. In an ce, "Harmke, zo ki zauna mana," sai ta ce, "Ran da na mutu na kwanta gaba ɗaya."

Ita ce kuma ta kawo dokar jan ƙyalle. Da bazara kajin ruwa kan yi sheƙa a duk inda suka ga dama, har a jikin jirage. Dokar ƙasa ta hana a taɓa sheƙar da ke da ƙwai, amma doka ba ta da ido a bakin kogi, Harmke ce idonta. Duk jirgin da ta ga sheƙa a kansa sai ta ɗaura masa jan ƙyalle, shi ke nan ya zauna, ba mai kwance shi sai 'yan tsaki sun bar gida. Ba sani ba sabo. Wiebe Kolkman, mai gidan burodi kuma shugaban kulob, ya ɗanɗana. Shekarar da ya sayi sabon jirgi, ya gayyato surukansa daga nesa don ya nuna musu, sai ya iske ƙyallen yana kaɗawa.

"Haba Harmke! Surukaina fa na hanya!"

"To, su zo su ga ƙwai," in ji ta, ba ta ko tsaya ba.

Mutum ɗaya ne a duniya ke iya sa ta rage sauri, shi ne yayanta Berend. Kafinta ne, mai sanyin hali, wanda kan yi wuni guda yana goge katako ɗaya bai gaji ba. Ita wuta, shi ruwan randa. Tun rasuwar iyayensu su biyu suka gaji ƙaramin jirgin da mahaifinsu ya sassaƙa da hannunsa, shi yana gyara, ita tana tuƙi. Shi kaɗai ne yake kiran ta Auta har ta yi furfura.

A ƙarshen hunturun bara ne ciwon huhu ya kwantar da Berend. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce da wuya ya ga kaka. Berend ya ji, ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin ƙusa, da suka fito ya ce, "Auta, abu ɗaya nake so. Ki kai ni a jirgin Baba har kwanar nan da yake kai mu kamun kifi. Sau ɗaya ya ishe ni."

Kafin mako ya zagayo ta kankare jirgin, ta shafa fenti, ta ɗinke ƙyallensa, ta sa an saukar da shi ruwa. Da don ta ita ce, a ranar za su tafi. Amma likita ya ce iskar da sauran sanyi, a jira gari ya yi ɗumi. Sai Harmke ta yi abin da ba ta saba ba, ta jira.

Ranar da rana ta fito sosai, ta gangaro da bargo da fulas don ta shirya wurin zamansa, sai ta tsaya cak. A bayan jirgin, tsakanin tsohuwar tayar da ke rataye da katakon juya jirgi, kazar ruwa ta yi sheƙa. Ta saƙa ta da kara da ciyawa, da ledar biskit, da tsinken shan lemo, har da wata safar hannu, duk tarkacen da Harmke ta ƙare ƙarfinta tana kwashewa. Sheƙar ta ɗaure tayar da katakon wuri ɗaya, ko kaɗan aka motsa jirgin sai sheƙar ta wargaje. Ga kazar nan a kai, baƙa wuluk da farin goshi, tana kallon Harmke da jajayen idanu kamar ita ce mai jirgin.

Kan ka ce kwabo labari ya kai rumfa. Wiebe da kansa ya ɗauko jan ƙyallen, yana tafe yana rangaji, tumbinsa na rawa.

"Ranki ya daɗe, ga saƙonki! Ko in ɗaura miki? Ashe wanzami ba ya son jarfa!"

Aka bushe da dariya. Harmke ba ta yi ba. Ta fizge ƙyallen ta ɗaura da hannunta, ta ja ƙullin har yatsunta suka yi fari. A nan ne Wiebe ya lura da bargon da ke hammatarta, ya tuna don wa aka kawo shi, dariyar ta ɗauke.

"Ɗauki jirgina," ya ce a hankali. "Ya fi faɗi ma."

Da ta kai wa Berend maganar, sai ya girgiza kai. "Ai ban ce ina marmarin ruwa ba, ruwa ko a famfo akwai shi. Jirgin Baba na ce. Bar baiwar Allah ta gama, ina nan."

Yana nan ɗin ne ba ta yarda da shi ba. Wadda ta yi rayuwarta tana sauraron numfashin farko ba sai an gaya mata yadda na ƙarshe ke matsowa ba. Kullum tana ganin wuyan rigarsa na ƙara yi masa yawa. Sai ta rasa inda za ta sa kanta. Da safe tana bakin kogi tana hararar kazar, da hantsi tana gefen gadonsa tana gyara matashin da ba abin da ya same shi, da rana ta koma kogi. Ta wanke rumfar kulob har sau biyu. Ta shafa wa benci fenti, mutane suka rasa wurin zama. Ta yi faɗa da wani sabon shiga a kan yadda ya naɗe igiya, har mutumin bai ƙara dawowa ba. Ita kuwa kazar ko a jikinta, sai dai ta miƙe ta juya ƙwanta ta sake kwanciya.

"Ke dai an yi malalaciya," Harmke kan ce mata. "Mata nawa na karɓi haihuwarsu, ba wadda ta ja ni kamar ke."

Wata Juma'a Wiebe ya tare ta a bayan rumfa, yana murza hularsa.

"Harmke, gobe da safe dukkanmu muna can gaba da gadar mota, kwasar shara. Ba wanda zai rage a nan. Ba wanda zai ga komai, ba kuma wanda zai tambaya." Ya rage murya. "Mun yi magana. Ƙwai ne fa a gefe guda, ɗan'uwanki a gefe guda. Wallahi ko ni ne, cirewa zan yi."

Ta hau kekenta ta tafi.

Washegari kuwa ta zo, ta iske wurin wayam kamar yadda ya ce. Ta kwanta rub da ciki a kan gadar katako, ta miƙa hannu. Kazar ta taso mata da kuka, mijin kazar ya zo a guje a kan ruwa, suka yi ta saran bayan hannunta har jini ya fito. Ba ta janye ba. Ta tura yatsu ƙarƙashin sheƙar, ta ji nauyinta, ba ta kai burodi ɗaya ba. Ɗagawa ɗaya, gobe war haka Berend na kan ruwa. Sai tafin hannunta ya sauka a kan ƙwan. Da ɗumi. A cikin ɗaya kuwa wani abu na ƙwanƙwasawa, kaɗan-kaɗan, yana hutawa yana sakewa.

Ta san wannan bugun. Ta sha jin irinsa ta cikin fatar ciki, a ɗakuna masu yawa, kuma hannun nan bai taɓa mayar da mai zuwa baya ba. Ta zare hannun a hankali. Ta daɗe kwance a wurin tana kuka, kukan haushi: haushin kazar, haushin dokar da ita ta kafa, haushin hannunta da ya ƙi bin ta.

"Na kasa, Yaya," ta ce da ta shiga ɗakinsa, tana ɓoye hannun a aljihu. "Sun ba ni wuri, na je, na kasa."

Berend ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Da kin iya, da na ce an canza min ƙanwa. Miƙo min hulata. Ai ba a hana shiga jirgin ba ko? Kwancewa aka hana."

Da la'asar Wiebe da wasu maza biyu suka ɗauko shi, suka sa shi a gaban jirgin, nesa da sheƙar, suka lulluɓe shi da bargo, suka ja da baya. Kazar ta yi 'yan ƙunƙuninta ta yi shiru. Harmke ta shiga, nan take ta fara kwalfe ruwan da bai kai cokali ba, ta warware igiya ta sake naɗewa.

"Auta, zauna."

"Bari in ɗan gyara..."

"Tun kina rarrafe nake bin ki da zauna, zauna. Yau ɗaya dai ki ba ni."

Ta zauna a gefensa, ƙafarta ɗaya na ta karkarwa a kan katako.

"Kada ki dubi gaɓa," ya ce. "Dubi ruwan kawai."

Ta duba. Kogin na wucewa ta gefen jirgin, ɗauke da ganye da kumfa, yana lasar katako da irin ƙarar da yake yi in ana tafiya. In mutum bai ɗaga kai ba, sai ya rantse jirgin ne ke gudu.

"Kin gani? Mun kama hanya."

"Ƙarya kake, Yaya. A ɗaure muke."

"To bar ni da ƙaryata. Ga shi mun wuce hasumiyar coci." Ya lumshe ido. "Ga shanun nan a bakin ruwa. Ke matuƙiya, ina muke yanzu?"

Ta ƙura wa ruwan ido. Da ƙyar ta ce, "Mun kusa yashin nan na hagu, inda ka taɓa kifar da mu."

"Ni? Ke ce dai kika miƙe tsaye, Baba na ta ihu ki zauna!"

Haka suka yi ta tafiya, ita tana faɗin wurare shi yana ƙaryata ta, har suka isa kwanar, ya ce ta rage gudu kada ta kori kifi. Can ta ji kansa ya sauka a kafaɗarta, barci ya ɗauke shi. Ba ta motsa ba har rana ta kusa faɗuwa, ko da kafaɗar ta mutu.

Ƙwan sun ƙyanƙyashe kwana kaɗan bayan haka, 'yan tsaki munana masu jajayen kawuna. Amma kafin su yi ƙwarin barin sheƙa Berend ya riga ya tafi. Jirgin Baba bai kai shi kwanar ba. Mutane sun yi ta ce mata ta yi daidai, ita kuwa ba ta taɓa cewa haka ba. In an matsa mata sai ta ce, "Ban sani ba," kuma gaskiyarta ke nan, don abin na ci mata rai har yau.

Bayan an yi jana'iza da 'yan makonni, wata Asabar, Wiebe ya ce mata 'yan tsakin sun watse, ta zo a kwance ƙyallen, ko ta ɗan zaga ta sha iska. Suka gangara tare. Ya durƙusa zai kama ƙullin, sai ya tsaya, ya dafe goshi. Kazar na nan a kan sheƙar, ta ƙara mata sabuwar leda, ga sababbin ƙwai a ƙarƙashinta.

"Kai, wannan ba ta da kunya!" in ji Wiebe. "Zagaye na biyu?"

Harmke ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ture hannunsa daga ƙullin, ta ƙara ja masa ƙarfi, ta taka a hankali ta shiga gaban jirgin, daidai inda aka sa bargon ran nan. Ta sunkuyar da kai tana kallon ruwa, ƙafar na ɗan karkarwa.

Wiebe ya jira, ya jira. Daga rumfa aka fara kiran kofi ya yi.

"Harmke, zo mu je, zai huce."

Ba ta ɗago ba.

"Je ka," ta ce. "Ina zaune."